Yadda zaka gane ko matsalar mai ce ke kashe maka tsohuwar mota

Duk mai Golf 3 ko Fijo 504 ko Carina E a nan Kebbi ya san wannan ciwon, kana cikin tafiya lafiya lau mota ta fara fizga, ta yi tari sau biyu ta mutu. Abin da ke bani haushi shi ne da yawanmu sai a ruga wajen 'yan sifiya a sayo famfon mai sabo, a ɗaura, bayan kwana biyu matsala ta dawo, kuɗi sun tafi a banza. Dan Allah kafin ka sayi komai ka bi abin daki daki.

Da farko ka lura da yadda take mutuwa. In wuta ce ta ɗauke, wato koyil ko sensa, yawanci lokaci ɗaya take ɗif kamar an murɗe makulli. In mai ne sai ta yi ta jan rai tukuna, ka taka totur ta ƙi amsawa, ƙarfi ya ragu musamman a hawa ko in ka ɗauko kaya, sannan ta mutu. Ka kwance fulogi ɗaya ka duba bayan ka yi ta buga kik, in bakinsa a bushe yake ƙamas to mai bai iso ba, in kuma a jiƙe yake yana warin fetur to mai na zuwa, sai a nemi wuta ko kuma man ya yi yawa.

Sai famfo. A motar injekta famfon na lantarki ne, galibi yana cikin tanki. Ka kashe rediyo, ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa amma kar ka tada, ka kasa kunne wajen kujerar baya, a yawancin motoci zaka ji ƙara zuuu ta kamar sakan 2 ko 3, amma wasu irin Carina E sai an buga kik famfon yake tashi. In shiru ka ji to kar ka yanke masa hukunci tukuna, duba fis da rile, su ne mafi araha kuma sau da yawa su ne masu laifin, ko kan waya ya yi tsatsa, rewaya zai gane wannan cikin minti kaɗan. Wani famfon kuma yana ƙara amma ya gaji, wannan sai an sa gejin auna ƙarfin turin mai, yawancin motocin injekta na wancan zamanin suna son gejin ya nuna bar 3 ko kusa da haka, in ya faɗi ƙasa sosai mota zata yi silo lafiya amma da ka hau titin Jega zuwa Koko ka buɗe mata wuta sai ta shaƙe.

Ita 504 mai kafireta famfonta a jikin inji yake, injin ne ke motsa shi. Cire tiyon da ke shiga kafireta ka sa bakinsa cikin gora, wani ya buga maka kik, ya kamata ka ga mai na tsartuwa da ƙarfi. Ka kuma zaro gejin baƙin mai ka shinshina, in yana warin fetur ko ya ƙaru ba ka ƙara ba, robar cikin famfon ta fashe, fetur na zuba cikin inji, wannan kar ka ci gaba da tafiya da ita. Kuma wallahi in kana wannan gwaji ba sigari, ba inji mai zafi, kar kuma a sa baki a zuƙi tiyo kamar yadda yaran gareji ke yi.

Yanzu ga inda nake ganin matsalar tamu take. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kusan kowa lita biyu lita uku yake zubawa, fitilar mai kullum a kunne. To shi famfon cikin tanki fetur ɗin ne ke sanyaya shi, in kullum tanki a ƙasa yake ga zafin Birnin Kebbi na watan Afrilu da ke haura digiri 40, dole ya yi zafi ya tsaya, ka huta rabin awa a inuwa ya sake tashi kamar ba abin da ya faru. Ga kuma man galan na bakin hanya, ba duka ne marar kyau ba amma wani jarkar da ƙasa a ciki, wani an haɗa da kananzir, da damina kuma ruwa. Gwajin ba wuya, tsiyayi kaɗan a farar gora ka ajiye minti biyar, ruwa ya fi fetur nauyi zaka gan shi kwance a ƙasa da layi tsakaninsu, tare da jan gari na tsatsar tanki. In ka ga haka sai an sauke tanki an wanke, don ko sabon famfo ka sa wannan dattin zai cinye shi.

Filtar mai kuwa canza ta kawai, ba ta da tsada, ka dai lura da kibiyar da ke jikinta ta kalli wajen inji.

Akwai wani ƙaramin abu da ake mantawa, murfin tanki. In hanyar shan iskar tanki ta toshe famfo zai yi ta ja har ya kasa. Da mota ta mutu ka buɗe murfin, in ka ji ya zuƙi iska da ƙarfi kuma ta tashi nan take, to ga ɓarawonka nan.

In kuma a silo kawai take mutuwa, a randabawul ko in ka taka birki ko ka kunna AC, amma a guje ba matsala, to ka ƙyale famfo. Ƙurar hunturu ce ta cika totur bodi ko ƙaramin jet ɗin silo na kafireta, ko wani tiyon iska ya tsage yana shan iskar banza, zaka ji shi yana tsiii in ka buɗe bonet. A wanke, a canza filtar iska.

In duk ka bi waɗannan mai na zuwa da ƙarfinsa amma har yanzu tana mutuwa in ta yi zafi, ka ce wa bakanike, oga a duba min sensar kiranshaf da koyil, kuma a gwada su lokacin da motar take da zafin, don in ta huce duk lafiya zasu nuna.