Jirgin ƙasa ko motar shata? Yadda za ka zaɓa in za ka tsallaka iyaka da kaya daga Kaduna

Bara waccan aka ce ni zan raka goggonnina biyu su kai lefen ƙanena Maraɗi. Akwati shida, da kit, da buhun goro, ga kuma wata jakar bakko da babu wanda ya san abin da ke cikinta sai Goggo Babba. Ana cikin shawara ƙanen namu ya ce, "Yaya, me zai hana ku bi jirgin ƙasa? Ai na ji an yi dogo har Nijar." Goggo ta dube shi ta ce, "Kai dai ango, je ka ji da ɗinkinka."

Tambayar tasa ba ta banza ba ce, mutane da yawa na yin ta. Ga yadda nake warware ta tun daga wannan tafiyar.

Mataki na farko, kafin ka tambayi kuɗin tikiti ko ka kira direba, fito da kayan duka tsakar gida ka jera su. Sai ka tambayi kanka: zan iya ɗaukar waɗannan ni kaɗai, a sahu ɗaya, in hau bene da su in sauko? In amsar e ce, wato akwati ɗaya mai taya da jakar goyo, jirgin ƙasa na cikin lissafinka. In kuwa sai an yi sahu biyu ko an kira ɗan dako, to ka fara karkata wajen mota. Dalili shi ne jirgi ba ya zuwa ƙofar gidanka. Za ka loda kaya a Keke ko tasi daga Unguwar Rimi ko Tudun Wada zuwa tashar Rigasa, ka sauke, a bincika, ka ja su zuwa tarago, ka ɗora a kanta, can ma ka sake saukewa ka nemi wata motar. Kowace saukewa dama ce ta ɓatan jaka ko karyewar taya. Mota kuwa sau ɗaya ake ɗaure kaya, in ban da inda jami'ai suka ce a kwance.

Mataki na biyu, duba inda dogon ya tsaya. A nan ne zancen ƙanena ya rushe. Jirgin zamani da ke tashi daga Rigasa kudu yake yi, zuwa Kubwa da Idu a Abuja, kilomita 186, kuma tun Yulin 2016 yake aiki. Layin Kaduna zuwa Kano an ƙaddamar da aikinsa a 2021. A shekarar ce kuma aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai ratsa Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Shi ne dogon da ango ya ji labari a rediyo. Amma har zuwa lokacin da nake wannan rubutu babu jirgin fasinja da zai ɗauke ka daga Najeriya ya sauke ka a Nijar. Tsohon dogon zamanin Turawa ma bai taɓa tsallakawa ba, reshensa ɗaya ya tsaya Ƙauran Namoda, ɗaya ya tsaya Nguru.

Ke nan in Maraɗi, Damagaram ko Birnin Ƙonni ka nufa, jirgi bai da abin da zai yi maka, don shi kudu ya sa gaba kai kuma arewa. Inda yake da amfani shi ne in tsallakawar taka ta sama ce: ka hau a Rigasa, ka sauka Idu, daga nan ka kama ƙaramin jirgin cikin gari ko tasi zuwa filin jirgin saman Abuja. Mai irin wannan tafiya dama kamfanin jirgin sama ya riga ya ƙayyade masa kilo, kayansa ba za su fi ƙarfinsa ba. Sayi tikiti da wuri ta intanet, ka riƙe lambar NIN da katin shaida, domin tun bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022, da jirgin ya dawo aiki a Disambar shekarar, aka tsaurara tantance fasinja. Ka kuma bar rata mai yawa tsakanin saukarka Idu da tashin jirgin sama. Ni ba na yarda da ƙasa da awa biyar.

Mataki na uku shi ne mai ƙura, kuma a nan muka sha tamu: takardun mota. A Kaduna in aka ce hayar mota, yawanci shata ake nufi, mota da direbanta, Sharon ko Sienna ko Hummer in jama'a na da yawa. Masu ba ka makulli ka tuƙa da kanka ba su da yawa, kuma da wuya su yarda motarsu ta bar ƙasa. Mu Sienna muka ɗauka a wajen wani mai motocin haya. Na tambaye shi, "Alhaji, takardu sun cika ko?" Ya ce, "Haba Malam, motar nan ko Makka za ta je." Na yi dariya, ban buɗe ambulan ɗin ba.

Muna isa iyaka bayan Jibiya, jami'in ya karɓi takardun ya juya su a hankali, ya ce da direba, "Sunan da ke nan ba naka ba ne. Ina takardar da mai mota ya ba ka izinin fita da ita?" Babu. Inshorar ma ta cikin gida ce kawai. Mutumin bai yi mana tsawa ba, aikinsa yake yi. Goggo Babba ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗan nan, lefe ne fa, ana jiranmu." Ya ce, "Hajiya, ku da akwatunanku bismillah, motar ce ba za ta wuce ba." Haka muka sauke kaya cikin rana, muka nemi motar can ɓangaren, muka biya sabon kuɗi, alhali mun riga mun biya shata har Maraɗi.

Saboda haka buɗe ambulan ɗin da hannunka tun a Kaduna. Ka ga takardar mallakar mota, da lasisin mota da na direba waɗanda ba su ƙare ba, da wasiƙar izini daga mai motar ɗauke da sunan direban da lambar motar. Ka tambayi inshorar tsallaka ƙasa, wadda aka fi sani da Brown Card ta ECOWAS. A can ɓangaren kuma jami'an duwan, wato kwastan ɗinsu, za su yanka wa motar takardar shiga ta wucin gadi, ka adana ta don za a nema a hanya da ranar fitowa. Kai kanka ka riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin cutar shawara. Kada ka dogara da labarin wanda ya je shekara uku da suka wuce. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Nemi direban da ya dawo cikin makon nan, a tashar Kawo ko ta Katsina, shi zai gaya maka abin da ake tambaya yau.

Abin da wahala ta koya mana shi nake ba kowa shawara yanzu: raba tafiyar biyu da gangan. Ɗauki shata daga Kaduna zuwa Katsina ko bakin iyaka, sannan ka sa 'yan'uwanka na can su turo motar da ke da lambar Nijar ta tarbe ka. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. Direban can ya san jandarmomin hanyarsa, ya san kuɗin kowane shinge, kai kuma ka huta da zancen takardun mota gaba ɗaya. Sauke kaya sau ɗaya ne, kuma dama a iyaka ko ka so ko ka ƙi za a iya cewa a buɗe.

Mataki na huɗu, lissafi. Kuɗin jirgi na kai ɗaya ne, kuɗin shata na mota ne. Mutum ɗaya da jaka ɗaya, shata asara ce. Mutum huɗu da akwati shida, raba kuɗin motar huɗu ka gani. Sai dai ka yi magana a fili tun kafin a tayar da mota: wa zai sha mai, wa zai biya kuɗin hanya, ina direba zai kwana, kuma kuɗin ya haɗa da dawowarsa ko da babu fasinja? Kada ka biya duka a Kaduna, bar kaso sai an isa. Canji kuma ka yi shi tun a Katsina ko Jibiya, ka nemi ƙananan takardun sefa. Ka tuna in mutumin Maraɗi ya ce jika yana nufin sefa 1,000, in ya ce dala yana nufin sefa 5, don haka "ɗari" a bakinsa sefa 500 ce. Wannan ya rikita Goggo Ƙarama a wajen mai fura har sai da aka yi dariya.

Na biyar gajere ne: hanyar Funtuwa da ta Jibiya ba a bin su da dare. Tashi bayan asuba, ka tsallaka kafin la'asar.

Wanda tafiyarsa ta kai shi Turai, can ne zaɓin yake na gaske. Jirgin Eurostar na ratsa ƙarƙashin teku daga Landan zuwa Faris cikin awa biyu da 'yan mintuna, ana barin babba ya shiga da akwati biyu da jakar hannu, amma shi zai ɗaga abinsa. Motar haya kuwa sai ka sanar da kamfanin cewa za ka fita ƙasar, in ba haka ba inshora na iya faɗuwa, kuma ajiye mota a wata ƙasa daban da inda ka ɗauka na da tsada ƙwarai. Ga shi a Ingila hannun hagu ake tuƙi, da ka shiga Faransa sai dama.

In ka tsayar da shawara a kan mota, saura lodi. Rubuta jerin abin da ke cikin kowane akwati, ka riƙe rasiɗin sababbin kaya, atamfa da leshi da takalma, don kada a ɗauka na sayarwa ne. Abin da ka san za a so gani sa shi a sama, makullan akwatuna kuma su zauna a aljihun mutum ɗaya. Kada ka yarda direba ya cusa jarkokin fetur a but, ko ya karɓi saƙon da ba ka ga cikinsa ba, domin a iyaka duk abin da ke motar naku ne ku duka. A dawowa ma haka, in surukai suka haɗo ku da buhun shinkafar waje cikin tukuici, ku yi godiya ku bar ta can, shigo da ita ta ƙasa haramun ne a dokar kwastan. Mu dabino da cuku da kilishi muka ɗauko, jakar bakkon Goggo kuma ta dawo cike da tabarmi.