Yadda na shawo kan ɗinkin bargon filanel

Kai, filanel ɗin nan, wato yadin nan mai laushi da gashi-gashi, ya ba ni wahala wallahi. Yadi na sayo a kasuwar Balogun zan haɗa wa jaririn ƙanwata bargo a nan Agege, na yanka shi murabba'i inci shida shida, amma duk layin da na ɗinka sai yadin sama ya fi na ƙasa tsawo, kusurwoyi sun ƙi haɗuwa, baki kuma sai zarewa yake.

Da farko na zata zare ne ya yi tsauri, na sassauta, shiru. Na zuba wa keke mai, nan ma a banza.

Ashe saƙar filanel sako-sako ce, yana miƙewa, in ya sha ruwa kuma ya tsuke. Sai na wanke ragowar yadin tukun ya bushe, na fesa sitati, na danna dutsen guga ina ɗagawa, ban da gogawa don shi ke miƙar da shi. Sannan na sake yanka.

A keke na sa sabuwar allura lamba 14, tsawon ɗinki na mayar 3 daga 2, na rage dannawar ƙafar keken da ke danne yadi, na bar rabin inci a baki maimakon kwata saboda zarewar nan. Kowace mahaɗa fil ɗaya, kuma ban ja yadin ba, keke na bari ya ja abinsa. Da na buɗe wajen kwarkwaro, gashin yadi cunkus, yanzu duk layi biyu nake sharewa.

Alhamdulillah kusurwoyi sun zauna daidai, Allah ya saka wa Hajiya maƙociyata da ta tuna min sitati.