Yadda za ka raba dukiyar gidanka da bashin kasuwancinka

Idan sunan kasuwanci kawai ka yi wa rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a idon doka kai da shagon abu ɗaya ne. Ranar da bashi ya ci shago, kotu na iya taɓa gidanka da motarka. Mafita ita ce rajistar kamfani mai "Limited", wanda ke zama katanga tsakanin dukiyarka da bashin kasuwancin. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani, da jarin da bai gaza naira 100,000 ba.

Sai dai sau da yawa mai katangar ne ke rushe ta da hannunsa. Buɗe wa kamfani asusun banki nasa, kada ka riƙa zarar kuɗin cefane daga ciki ba rubutu. Kowace kwangila ka sa hannu da sunan kamfani. In kuma banki ya ce ka tsaya wa rance da kanka, to gidanka ya dawo cikin lissafi.

Rajista ba ta biyan diyya, wannan aikin inshora ne. Nemi ta gobara da ta raunin da abokin ciniki zai iya ji a shagonka, wajen kamfani mai lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora. Akwai takaful, wato inshorar tsarin Musulunci, ga mai gudun riba. Faɗi ainihin darajar kaya. In ka rubuta miliyan 5 alhali na miliyan 10 ne, rabin asarar kawai za a biya ka.