Idan NSITF ta hana ka diyyar raunin aiki

'Yan'uwa ma'aikata, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ba mutum kwana 180 daga ranar hukunci ya rubuta wa hukumar gudanarwar NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na Najeriya mai biyan diyyar raunin aiki, ta sake duba maganarsa. Wa'adin ya wuce, dama ta tafi. Ita ma hukumar kwana 180 take da su ta yanke hukunci. In bai gamsar ba, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Kada a rubuta "an zalunce ni" kawai. A faɗi inda aka yi kuskure, a haɗa rahoton likita da ke danganta raunin da aikin, da shaidar an sanar da wurin aiki cikin kwana 14 da samun raunin. A riƙe kwafi mai hatimin karɓa.