Yadda na gyara saƙon gargaɗin suwic ɗin ofis

Sau biyu wayar da ta haɗa bene na biyu da suwic ɗinmu, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis da juna ta waya, tana sakwarkwacewa, ban sani ba sai da ma'aikata suka kira ni suna cewa intanet ta ɗauke. Abin ya dame ni, domin na riga na kunna SNMP, tsarin da na'urorin sadarwa ke ba da rahoton halin da suke ciki, Zabbix kuma, manhajar sa ido da ke kan babbar kwamfutarmu wato saba, yana nuna min zirga-zirgar kowane rami da ake cusa waya a jikin suwic lafiya lau.

Ashe hanya biyu ce. Tambayar da saba ke yi wa suwic ta ƙofar sadarwa mai lamba UDP 161 take bi, amma gargaɗin da suwic ke kai wa saba da kansa ta 162 yake shiga. A katangar tsaron sabar kuwa, wadda ke tace abin da zai shiga ko ya fita, ƙofar 161 kaɗai na kula da ita. Na buɗe 162, na sa adireshin sabar cikin masu karɓar gargaɗi, na koma sabon nau'in SNMP, wato SNMPv3, saboda kalmar sirrin tsohon nau'in v2c tsirara take tafiya, ba a ɓoye ba. Agogon suwic ɗin ma ya kauce, na ɗaura shi da NTP, tsarin da ke daidaita agogon na'urori.

Sai na je na zare wayar rami na 24 da hannuna. Kafin in mayar, wayar salulata ta yi ƙara a aljihu, gargaɗin ya iso.