Yadda ake raya lambu da inuwar karatu a harabar makaranta

Kafin a sayo dashe ko ɗaya, a fara da shinge. Abin da ya fi kashe shukar makaranta a ƙasar Hausa shi ne awakin unguwa, waɗanda ke shigowa da zarar an tashi. Idan makarantar ba ta da katanga, a kewaye lambun da wayar raga mai tsayin mita ɗaya da rabi, ko a yi shingen kara a ƙarfafa shi da ƙayar magarya. Kowane dashen itace da ke wajen lambu a yi masa nasa keji, ko a jera masa bulo a bar ƙofofin iska. Wasu na dasa aguwa, amma ruwanta na cutar da ido, bai dace da wurin yara ba.

Sai ruwa. A sa lambun kusa da rijiya ko famfon burtsatse, don yaro ba zai jure ɗaukar bokiti daga nesa kullum ba. Ruwan alwala da ke zuba a banza a bakin masallacin makaranta dukiya ne: a yi masa 'yar kwata ta kai shi gindin itatuwa. Ganyen da ake ci ɗanye, irin su latas, a ba shi ruwa mai tsabta.

Lokacin dashen itace shi ne bayan damina ta kankama, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli. A haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 60, a ware ƙasar sama, a cakuɗa ta da bokiti ɗaya na takin shanu da ya ruɓe, a mayar da ita ramin. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, yana ƙona saiwa yana kuma jawo gara. A yanke ledar dashen a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warware ba, kuma kada a binne wuyan itacen fiye da yadda yake a leda. A bar ɗan kwari a gindi don ya tare ruwa, a rufe da busasshiyar ciyawa, amma kar ta taɓa jikin itacen. Inda aka ga gara, a barbaɗa toka.

Darbejiya ta fi kowa saurin ba da inuwa da jure fari. A bar mita 8 zuwa 10 tsakaninsu, a nisanta su da ginin aji da aƙalla mita 6, don saiwarta na fasa daɓe. Mangwaro da gwaiba na son ruwa sosai a shekarun farko. Zogale kuwa a jera shi cikin shinge, a riƙa sare kansa idan ya kai ƙirjin mutum, sai ya yi rassa ya cika da ganye. Itacen turare bai dace kusa da lambu ba, yana shanye ruwan ƙasa. Da rani, a binne tulun ƙasa marar shafe a gefen dashe har wuya, a cika shi sau biyu a mako, a rufe bakinsa saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali.

Fangali kada ya wuce faɗin mita ɗaya, domin hannun yaro ya kai tsakiya ba tare da ya taka ba. Tsawon mita uku ya isa, da hanya rabin mita tsakani. Irin wannan fangali na shan kimanin jarka ɗaya a rana lokacin zafi, a raba safe da yamma. A fara da alayyafo, wanda ake tsinka cikin mako huɗu. Yara na son ganin abin hannunsu da wuri. Yakuwa, rama da kuɓewa na damina ne, latas da karas da tumatir sai hunturu. Maganin ƙwari na kanti bai kamata ya shiga hannun ɗalibai ba. A daka 'ya'yan darbejiya rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a fesa da yamma.

Kafin itatuwa su girma, rumfar zana ta wadatar a matsayin aji, da kututtura ko bencin bulo a jere kamar rabin da'ira, da allo a jikin katanga. A share ciyawa a kewaye saboda maciji da kunama.

Dogon hutu yana faɗowa cikin damina, ciyawa ce matsalarsa. Hutun da ke kisa shi ne na wajen Afrilu, tsakiyar bazara. Tun kafin a tashi, kwamitin iyaye da malamai ya zauna da mai unguwa, a ba wasu matan maƙwabta ko maigadi fangali biyu su noma wa kansu, su kuma shayar da sauran. A rubuta sunan mai riƙe da makullin lambu da ranakun ban ruwa, a manna a ofishin hedimasta.