Yadda nake lallaɓa mura a gidana idan hunturu ya shigo

Shekara 12 ke nan ina koyar da 'yan aji uku a firamare, kuma babu hunturun da ya taɓa wucewa ban kwaso mura na kawo gida ba. Yaro ɗaya zai yi atishawa ranar Litinin, kafin Alhamis rabin ajin na jan majina. Daga nan sai ni, sai 'ya'yana huɗu, a ƙarshe ta sauka kan maigida.

A da, da zarar maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi sai in aika kemis a sayo min kafso. Wata maƙwabciyata, malamar asibiti, ita ta raba ni da wannan. Ta ce min, "Maman yara, kuɗinki kawai kike zubarwa." Ƙwayar cutar mura bairos ce, iri-irinta sun haura 200, shi kuwa kafson antibayotik bakteriya yake kashewa, bai san da zaman bairos ba. Mura tana cin kwana 7 zuwa 10 ta tafi da kanta, tarin kan ɗan jima a baya har mako biyu ko uku. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan ba kashe mura yake yi ba. Sauƙi yake kawowa, ki samu barci, hanci ya buɗe, maƙogwaro ya lafa, har jiki ya gama faɗansa.

Tukunyar citta nake fara ɗorawa. Ki samu ɗanyar citta kamar girman babban yatsanki, ki kankare bayanta da cokali, ki jajjaga. Ki zuba ruwa kofi uku, ki jefa kanumfari guda huɗu ko biyar da ƙwayar masoro kaɗan, ki bar shi ya tafasa kamar minti 10 har ƙamshin ya cika kicin. Busasshiyar citta ma tana yi, sai dai ta fi yaji, ki rage. Idan kin sauke ki tace, ki jira ya huce daidai yadda leɓe zai iya ɗauka, sannan ki matsa rabin lemun tsami ki sa zuma cokali ɗaya. Ni a filas nake zubawa in tafi da shi makaranta, ina kurɓa kaɗan-kaɗan tsakanin darasi da darasi, don ɗumin da yawan shan ruwan su ne ke tsinka majina. Na yara nakan sirka da ruwan ɗumi, kuma ba na sa musu masoro. Mai gyambon ciki kada ya sha wannan cikinsa babu komai, citta da lemun tsami za su tayar masa da ƙwannafi.

Zuma kuwa, a wurina ita ce gaba da komai idan tarin dare ya hana yaro barci. Cokalin shayi ɗaya, zallarta, kamar rabin awa kafin ya kwanta. Tana lulluɓe maƙogwaro, ƙaiƙayin ya kwanta. Amma don Allah ki riƙe wannan da kyau: jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ba a ba shi zuma, ko ɗigo. Takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjin jariri ba ya iya kashewa, gubarta kan sa jikinsa ya saki, ya kasa tsotso, har numfashi ya gagara. Na sha fama da surukata a kan wannan lokacin goyon autana. "Mama, ki yi haƙuri, a bari ya shekara," haka na dinga roƙonta, har ta haƙura. Jariri nono ne maganinsa, a ƙara masa yawan shayarwa. Mai ciwon suga ma ya yi lissafi da zuma, zaƙi ce.

Ruwan gishiri shi ne abin da mutane suka fi rainawa, alhali ba ya cin ko kwabo. Rabin cokalin shayi na gishiri a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, ki ɗaga kai ki kurkure can cikin maƙogwaro ki tofar, sau uku ko huɗu a yini. Na hanci kuma ki rage gishirin zuwa rabin wancan, kuma lallai ruwan ya zama wanda aka tafasa ya huce, ba na randa kai tsaye ba. Ɗigo biyu a kowace ƙofar hanci, ki jira minti ɗaya, a fyace a hankali. Ga ƙaramin da bai iya fyacewa ba, ki ɗiga masa kafin ki ba shi nono, za ki ga bambanci a tsotsonsa.

Sirace ina yinsa, ni da maigida. Ruwan zafi a kwano mai faɗi, ɗan ganyen na'a-na'a, a lulluɓa da mayafi minti biyar zuwa goma, ido a rufe, fuska nesa da ruwan kamar kamu ɗaya. Yana sassauta toshewar na ɗan lokaci, ya isa mutum ya samu barci. Yara kam na daina yi musu. Na taɓa ganin ɗan wata 'yar'uwata da ya ture kwanon da gwiwarsa a ƙarƙashin bargo, har yau tabon na nan a cinyarsa. Wankan ruwan ɗumi da yamma ya wadatar da su.

Abinci kuma mai romo da ɗumi: farfesun kaza da tafarnuwa da kimba, ko kunun tsamiya mai citta. Ba na tilasta wa yaro cin tuwo idan bakinsa babu ɗanɗano, amma ruwa dole ne. Hancin da ya saɓule saboda yawan gogewa ina shafa masa man kaɗanya daga waje. Man zafi a ƙirji da wuya kawai, ba a cusa shi cikin hanci, kuma ba na shafa wa ɗan ƙasa da shekara 2. Idan akwai ciwon kai ko zafin jiki, farasitamol daidai shekarun yaro. Ki duba kwalin maganin mura kafin ki haɗa su, da yawansu akwai farasitamol a ciki. Asfirin ba na yara ba ne.

Wani abu da ke ɗaga min hankali duk hunturu shi ne kaskon garwashi a ɗaki a kulle ƙofa da taga. Iskar gawayi ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a ƙara bargo.

Akwai inda tukunyar citta ba ta kaiwa, kuma nan ne nake so kowace uwa ta buɗe ido. Ki ɗaga rigar yaro yana kwance shiru, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif da agogon waya. Daga wata 2 zuwa shekara ɗaya, idan ya kai 50, ya yi sauri. Daga shekara ɗaya zuwa 5, idan ya kai 40. Idan kuma ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki yayin da yake jan iska, wannan alamar nimoniya ce, wato ciwon huhu, asibiti a ranar, ba sai gari ya waye ba. Haka jaririn da bai kai wata 3 ba ya yi zazzaɓi, ko yaron da ya ƙi nono da ruwa gaba ɗaya. Zazzaɓi mai zafi a ƙasarmu ba a ɗauka cewa na mura ne kawai, a je a yi gwajin maleriya. Idan ya haɗu da sandarewar wuya da ciwon kai mai tsanani, musamman daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, ki tuna da sanƙarau, ki nemi abin hawa nan take.

A aji kuwa, tun farkon watan Disamba nake ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa. Duk wanda ya fyace hanci sai ya wanke hannu kafin ya taɓa littafin ɗan'uwansa, mai atishawa kuma ya yi ta a cikin gwiwar hannunsa.